Besbol: Me ya sa magoya bayan Dodgers ke ƙirga masu jifa kafin su yi maganar kofi?

A daren Asabar 6 ga watan Satumban 2025, ƙungiyar besbol ta Los Angeles Dodgers tana gaban Baltimore Orioles da ci 3 da nema, wasa kuma ya zo gangara. Mai jifanta ɗan ƙasar Japan, Yoshinobu Yamamoto, ya riga ya fitar da masu bugu 26 cikin 27 da ake buƙata, kuma babu ɗan Baltimore ko ɗaya da ya samu bugu mai amfani a kansa, bajintar da ba kasafai ake ganinta ba.

Saura mutum ɗaya a tashi, sai matashi Jackson Holliday ya maka ƙwallo ta tsallake katanga. Koci Dave Roberts ya sauke Yamamoto, ya kira masu canji biyu ɗaya bayan ɗaya, amma suka kasa fitar da mutum gudan da ya rage. Dodgers ta sha kashi da ci 4 da 3.

Wannan dare ya raba kan magoya bayan ƙungiyar gida biyu. Wasu suka ce duk ƙungiyar da ke da mai jifa irin Yamamoto, ga wasu uku masu ƙarfi a bayansa, babu wanda za ta ji tsoro a watan Oktoba. Wasu kuma suka ce wahalar banza ce, tunda abin da manyan suka tara, masu canji ne za su ɓarar. Mako takwas cif bayan haka Dodgers ta ɗaga kofin World Series karo na biyu a jere. Yadda aka kai ga hakan ya nuna inda kowane ɓangare ya yi gaskiya, da kuma dalilin da ya sa a besbol hira kan kofi take farawa daga masu jifa.

Wane ne mai jifan farko?

Ana buga besbol zango tara. A kowane zango ƙungiya ɗaya na bugu, ɗaya na jifa da tsaron fili, har sai an fitar da masu bugu uku, sannan a yi musanya. Ana samun maki idan ɗan wasa ya zagaye tashoshi huɗu na filin ya dawo inda ya fara.

Mai jifa yana tsayawa ne a kan ɗan tudu mai nisan mita 18.44 daga mai bugu, yana aika ƙwallo da gudun da kan kai kilomita 150 zuwa 160 a sa'a. Idan mai bugu ya kuskure sau uku, ya fita. Haka ma idan aka cafe ƙwallon da ya buga kafin ta taɓa ƙasa, ko aka riga shi kai ta tashar da ya nufa.

Wanda ya buɗe wasa shi ne mai jifan farko, kuma shi ake sa ran ya ɗauki mafi yawan nauyi. Da zarar jifansa ya kusa 100 akan sauke shi, a kira masu canji, waɗanda kowannensu kan yi zango ɗaya ko ƙasa da haka. Wanda aka sauke ba ya komawa. Bayan wasan kuma hannunsa na buƙatar hutun kwana huɗu ko biyar.

A nan besbol ya bambanta da ƙwallon ƙafa. Mai tsaron ragar da ya tsaya ranar Lahadi shi ne zai sake tsayawa ranar Laraba. A besbol kuwa mutumin da ya fi kowa tasiri a fili kullum sauyawa yake yi. Shi ya sa kowace ƙungiya ke ajiye masu jifan farko biyar suna karɓa-karɓa, kuma ƙungiyar da ta gagari kowa jiya tana iya zama abin tausayi yau, gwargwadon wanda layi ya zo kansa.

Lissafin Oktoba daban yake

Gasar MLB na da ƙungiyoyi 30, wato 29 a Amurka da ɗaya a birnin Toronto na Kanada. Kowacce na buga wasa 162 daga ƙarshen Maris zuwa ƙarshen Satumba, kusan kowace rana. Tun daga 2022, ƙungiyoyi 12 ne ke shiga wasannin fitar da gwani a watan Oktoba. Zagayen farko wanda ya fara cin wasa biyu ya wuce, na biyu wasa uku, sai kusa da ƙarshe da na ƙarshe da ake buƙatar cin wasa huɗu cikin bakwai.

A doguwar kaka, yawan masu jifa ne ke ceton ƙungiya, domin dole na huɗu da na biyar su yi ta fitowa, kuma in wani ya ji rauni a samu madadinsa. A Oktoba kuwa akwai ranakun hutu tsakanin wasanni, saboda haka mutum huɗu sun isa, wani lokaci ma uku. Gwanin ƙungiya na iya fitowa sau biyu a karawa guda. Ƙungiyar da ke da zaƙaƙurai uku takan fi wadda ke da matsakaita biyar hatsari, ko da ta biyun ce ta fi yawan nasara a kaka.

Akwai kuma batun gajiya. Idan mai jifan farko ya yi zango bakwai, mutum shida kawai suka rage wa masu canji, sai koci ya zaɓi biyu ko uku da ya fi yarda da su. Idan aka kore shi a zango na uku, dole a taɓa kusan kowa, gobe kuma a wayi gari da hannuwa gajiyayyu, abokan hamayya sun riga sun ga salon kowa.

Tabon 2022 da 2023

Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu. Magoya bayan Dodgers sun daina ruɗuwa da teburin gasa ne saboda abin da ya same su shekara biyu a jere.

A 2022 ƙungiyar ta ci wasa 111, mafi yawa a tarihinta, amma maƙwabciyarta San Diego Padres ta fitar da ita a karawarta ta farko. A 2023 ta ci wasa 100, sai Arizona Diamondbacks ta doke ta sau uku a jere. A wannan karawa masu jifan farkon Dodgers uku, gaba ɗayansu, mutum 14 kawai suka iya fitarwa, aka ci maki 13 a kansu. Clayton Kershaw, wanda sau uku yana lashe kyautar Cy Young ta gwarzon mai jifa, mutum ɗaya ya fitar a wasan farko, aka zuba masa maki shida. A wasa na uku, sau huɗu ana tsallake katanga da jifan Lance Lynn a zango guda.

Abin ya fi ciwo ne saboda Dodgers da jifa aka san ta. Sandy Koufax ne ya ɗauke ta zuwa kofunan 1963 da 1965, Fernando Valenzuela ɗan Meziko ya haska a 1981, Orel Hershiser kuma ya yi zango 59 a jere ba a ci maki a kansa ba a 1988.

Kuɗi ya shigo, rauni ya biyo baya

Masu ƙungiyar sun mayar da martani da aljihu. A Disambar 2023 suka ɗauki Shohei Ohtani, wanda ke jifa kuma yake bugu, a kan dala miliyan 700 na shekara goma. A watan dai suka ɗauki Yamamoto daga ƙungiyar Orix Buffaloes ta Japan a kan dala miliyan 325 na shekara 12, suka kuma karɓo Tyler Glasnow daga Tampa Bay. A ƙarshen 2024 Blake Snell ya zo a kan dala miliyan 182, sai matashi Roki Sasaki daga Japan a Janairun 2025.

Sai dai hannun mai jifa ba ya sanin nawa aka biya shi. Jifa da irin wannan ƙarfi na cin gwiwar hannu da kafaɗa. Tiyatar da ake yi wa jijiyar gwiwar hannu ma daga Dodgers ta samo suna: likitan ƙungiyar, Frank Jobe, ya fara yi wa mai jifanta Tommy John a 1974, kuma wanda aka yi wa yakan shafe shekara guda ko fiye kafin ya dawo.

A 2024 Ohtani bai yi jifa ko ɗaya ba saboda yana jinyar gwiwar hannu. Glasnow da Kershaw ba su kai Oktoba da lafiya ba. Dodgers ta shiga fitar da gwani da masu jifan farko uku kacal, wato Jack Flaherty da Yamamoto da Walker Buehler, a sauran ranakun kuma masu canji ne suka riƙa raba wasa a tsakaninsu tun daga zango na farko. Duk da haka ta doke New York Yankees da wasa 4 da 1 ta ɗauki kofi.

A 2025 sai lamarin ya juye. Snell wasa biyu ya yi a farkon kaka kafaɗa ta kwantar da shi har Agusta. Glasnow ya tafi jinya a ƙarshen Afrilu, sai Yuli ya dawo. Sasaki ya ji rauni a Mayu. Ohtani bai hau tudun jifa ba sai 16 ga Yuni, kuma da zango ɗaya ya fara. Yamamoto kaɗai ya tsaya daga farko har ƙarshe. Ƙungiyar ta kammala kaka da nasara 93, mafi ƙaranci a cikakkiyar kaka cikin shekarun baya-bayan nan, amma zuwa Satumba duk manyan sun dawo. Masu canjin da suka cece ta a 2024 kuma su ne suka zama ciwon kai, musamman Tanner Scott, wanda aka ɗauka a kan dala miliyan 72 domin ya riƙa rufe wasa.

Da me magoya baya ke aunawa?

Ma'auni na farko shi ne matsakaicin makin da ake ci a kan mai jifa cikin zango tara, abin da Amurkawa ke taƙaitawa da ERA. Wanda nasa ke wajen 4 matsakaici ne, wanda ya sauko ƙasa da 3 kuwa gwani ne. A 2025 na Yamamoto 2.49 ne a wasa 30, na Snell 2.35, na Ohtani 2.87, na Glasnow 3.19.

Na biyu shi ne nisan da mutum ke kaiwa a wasa. Mai jifan da ke hana ci amma ya gaji a zango na biyar, ya bar wa masu canji mutum 12. Ga ƙungiyar da ba ta yarda da masu canjinta ba, wannan bashi ne mai nauyi.

Na uku, wanda ya fi sauran tayar da gardama, shi ne lafiya a daidai lokacin da ake buƙata. Snell wasa 11 kawai ya buɗe a kakar, Glasnow 18, Ohtani 14. Masu fargaba sun ɗauki wannan alamar rauni. Masu kyakkyawan zato kuwa suka karanta shi ta wata fuska: mutanen da suka huta rabin kaka za su shiga Oktoba da sauran ƙarfi, a lokacin da hannuwan wasu ƙungiyoyin suka fara sanyi.

Abin da Oktoba ta nuna

Ba a san maci tuwo ba sai miya ta ƙare. Dodgers ta wuce Cincinnati Reds da wasa 2 da nema, ta wuce Philadelphia Phillies da 3 da 1. Matsalar rufe wasa kuma Roberts ya magance ta da Sasaki, wanda ya dawo daga jinya a ƙarshen Satumba aka mayar da shi cikin masu canji.

A kusa da ƙarshe ta haɗu da Milwaukee Brewers, wadda ta fi kowa nasara a kakar da wasa 97. Snell ya yi zango takwas ba a ci shi ba. Washegari Yamamoto ya jefa dukkan zango tara shi kaɗai, abin da rabon da a gani a wasannin fitar da gwani tun 2017. Glasnow ya ba da maki ɗaya. A wasa na huɗu Ohtani ya yi zango shida ba a ci shi ba, ya fitar da mutum 10 da jifa zalla, sannan da ya karɓi sanda ya tsallake katanga sau uku. Maki biyu kacal aka ci a kan su huɗun a karawar baki ɗaya, Milwaukee kuma maki ɗai-ɗai ta samu a kowane wasa. A wannan mako masu kyakkyawan zato sun yi baki.

Wasan ƙarshe da Toronto Blue Jays ya dawo da maganar masu fargaba. A wasan farko Snell ya gaza fita daga zango na shida, masu canji suka shigo, Toronto ta ci maki tara a zangon, aka tashi 11 da 4. Yamamoto ya rama washegari da wani cikakken wasan. Wasa na uku ya kai zango 18 kafin Freddie Freeman ya raba gardama. Toronto ta ci na huɗu a kan Ohtani da na biyar a kan Snell, ta koma gida tana neman nasara ɗaya. Yamamoto ya sake tsayawa a na shida, ya yi zango shida, Dodgers ta ci 3 da 1.

A wasa na bakwai, ranar 1 ga Nuwamba, Roberts ya nuna ƙarara waɗanda ya yarda da su. Ohtani ya buɗe bayan hutun kwana uku kawai, Bo Bichette ya ci maki uku a kansa da bugu guda. Glasnow ya shigo a matsayin mai canji, Snell ma haka. A zango na tara, saura mutum biyu Toronto ta ɗauki kofi, Miguel Rojas, wanda ba a san shi da ƙarfin bugu ba, ya farke. Daga nan aka kira Yamamoto, wanda ko kwana ɗaya bai huta ba. Ya fitar da mutum takwas na ƙarshe, Will Smith ya ci makin nasara a zango na 11, aka tashi 5 da 4. Wasa uku cikin huɗun da Dodgers ta ci da sunan Yamamoto aka rubuta su, kuma shi aka ba gwarzon karawar.

Shin masu jifa sun isa su ba da tabbaci?

Tarihi bai goyi bayan haka ba. Atlanta Braves ta mallaki Greg Maddux da Tom Glavine da John Smoltz a lokaci guda, ta lashe rukuninta sau 14 a jere tsakanin 1991 da 2005, amma kofi ɗaya ta samu, na 1995. Philadelphia ta 2011 ta haɗa Roy Halladay da Cliff Lee da Cole Hamels da Roy Oswalt, ta ci wasa 102, sai St. Louis Cardinals ta fitar da ita a zagayen farko da ci 1 da nema a wasan raba gardama. Halladay maki ɗaya ya bayar a ranar, abokansa suka kasa cin ko ɗaya.

Ita kanta nasarar 2025 da ƙyar aka sha. Idan aka tara makin wasanni bakwai, Toronto ce a gaba da 34 da 26. Da bugun Rojas ya faɗi kafin katanga, da yanzu ana ba da labarin ƙungiyar da ta kashe ɗaruruwan miliyoyi a kan masu jifa ta dawo hannu rabbana. Abin da ƙwararrun masu jifa ke yi shi ne riƙe wasa kusa-kusa har zuwa lokacin da bugu ɗaya zai iya yanke hukunci. Wanda zai yi bugun kuwa babu lissafin da ke faɗinsa.

Saboda haka kowane ɓangare na magoya bayan ya tsira da rabin gaskiya. Masu jifan farko ne suka kawo kofin, kamar yadda ɓangare na farko ya yi hasashe. Masu canji kuma ba a iya dogara da su ba, kamar yadda na biyu ya yi gargaɗi, har sai da manyan suka yi aikinsu suka haɗa da na wasu.

Ina aka dosa a 2026?

Babu ƙungiyar da ta ɗauki kofi sau uku a jere tun bayan Yankees ta 1998 zuwa 2000, kuma a ɓangaren National League, inda Dodgers take, ba a taɓa yi ba.

Kershaw ya yi ritaya bayan kaka 18, duk a Dodgers. Sauran manyan huɗu na nan da kwantiraginsu, ga Sasaki da Emmet Sheehan a bayansu. An kuma ɗauko Edwin Díaz daga New York Mets domin toshe ɓarakar rufe wasa. A kan takarda, da wuya a nuna ƙungiyar da ta fi ta masu jifa.

Tambayoyin da magoya baya ke yi na jiki ne. Yamamoto ya jefa sama da zango 200 a 2025 idan aka haɗa da Oktoba, bayan ya yi jinyar kafaɗa ta kusan wata uku a 2024. Snell sau biyu kawai ya kai zango 180 a kaka, a 2018 da 2023, shekarun da ya ci Cy Young, a sauran kuwa bai kai 130 ba. Glasnow bai taɓa wuce zango 134 ba. Ohtani sau biyu ana yi masa aiki a gwiwar hannu, kuma kullum yana cikin masu bugu. Uku daga cikin huɗun sun haura shekara 30.

Wannan ne ya sa ƙungiyar ke yawan ba masu jifanta hutun kwana biyar ko shida, irin tsarin Japan inda mai jifa ke fitowa sau ɗaya a mako, ko da hakan zai jawo asarar wasu wasanni a tsakiyar kaka. Magoya bayan da suka ga nasara 111 ta tashi a banza, suka kuma ga nasara 93 ta kawo kofi, ba su cika damuwa da teburin watan Mayu ba. Jerin masu jinya suke dubawa a ƙarshen Agusta, su ƙirga mutum nawa cikin huɗun ke tsaye da ƙafarsu.